Ping Na Dawowa, Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Tambayoyi da Amsoshi Kan MTU da Gutsurewar Fakiti a Cikin Tanel

Waɗannan tambayoyi ne da ake ta maimaita mini a nan Kumasi, daga masu kula da kafe a Aboabo da Asawase har zuwa samarin da ke haɗa wa 'yan kasuwar Adum shagonsu da reshen Accra ko na Tamale ta VPN. Abin da ke damuna shi ne yawan kuɗin da ake ɓarnatarwa a kan wannan matsala, wato fakiti (ɗaurin bayanan da ke tafiya a intanet) ya fi girman da hanya za ta ɗauka. An sauya rauta, an sake jan waya, an zagi kamfanin intanet, alhali awo na minti goma da an gano bakin zaren. Duk inda na ce tanel, ina nufin kowace hanya da ake naɗe fakiti a cikin wani fakiti a tura shi ta intanet: WireGuard, IPsec, GRE, OpenVPN, L2TP da danginsu.

Tanel ya tashi, ping na tafiya yana dawowa, amma wasu shafuka sai juyawa suke yi. Me ke faruwa?

Idan ƙaramin abu na wucewa babba na maƙalewa, fara zargin girman fakiti kafin komai. Saƙon WhatsApp na rubutu ya tafi, hoto ya tsaya. Ka shiga saba ta SSH lafiya, kana kiran jerin fayiloli mai tsawo allon ya sandare. Remote Desktop ya karɓi kalmar sirri sannan ya bar ka da baƙin allo. Imel ya tafi, amma da ka liƙa masa takarda ya ƙi motsi.

Dalili shi ne ping na yau da kullum, wato saƙon gwajin da ake turawa a ga ko zai dawo, ɗan mitsitsi ne: Windows na aika bayit 32 na kaya, Linux 56. Gaisuwar farko ta TCP, tsarin da ke ƙulla haɗi tsakanin na'urori biyu, ita ma ƙarama ce. Sai an zo ɗaukar kaya na gaske, misali lokacin da shafin HTTPS zai miƙo takardar shaidarsa wadda kan kai bayit dubu biyu ko fiye, sannan cikakkun fakitoci ke fitowa, kuma a nan ne suke cijewa. Saboda haka "ai ping na yi" ba hujja ba ce ta cewa hanya lafiya take. Yadda ake yin ping ɗin da zai faɗi gaskiya yana ƙasa, a amsar tambayar awo.

Mene ne MTU, kuma daga ina 1500 ta fito?

MTU shi ne iyakar girman fakitin da wata hanya za ta iya ɗauka a ɗaure ɗaya. A kan Ethernet bayit 1500 ne, kuma saboda Ethernet ta mamaye ko'ina, kusan kowace kwamfuta da waya na zaton 1500 za ta samu. A cikin wannan 1500 akwai kan IPv4, wato bayanin adireshi da ke gaban fakiti, mai bayit 20 da kan TCP mai bayit 20, don haka kayan da ke saura 1460 ne. Wannan ragowar ita ake kira MSS.

Akwai MTU na ƙofar na'urarka, akwai kuma na hanya gaba ɗaya, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a duk matakan da fakiti zai bi. Wanda ya taɓa tura amalanke a lungunan zango ya san faɗin babban titi ba ya amfana masa komai idan akwai lungu ɗaya matsattse a gaba.

Me ya sa tanel ke rage MTU? Nawa kowanne ke ci?

Tanel na ɗaukar fakitinka yadda yake, ya sa shi cikin wani sabon fakiti mai nasa kan. Kwali ne cikin kwali, kuma na wajen dole ya wuce ta ƙofar 1500 ɗin nan. Duk abin da naɗin ya ci, daga na ciki ake cirewa.

GRE na cin bayit 24, 20 na sabon kan IP da 4 nasa, saura 1476. IP cikin IP na cin 20 kawai, saura 1480. VXLAN na cin 50, saura 1450. EoIP na MikroTik, wanda ake so sosai a nan saboda sauƙinsa, na cin aƙalla 42. WireGuard na cin 60 idan wajen IPv4 ne, 80 idan IPv6 ne, shi ya sa ake ba shi 1420 tun daga farko, don ya isa a kowane hali. IPsec kuwa ba shi da lamba ɗaya tsayayya: ya dogara da irin ɓoyewar da aka zaɓa da cikon da ake ƙarawa, yawanci tsakanin hamsin da wani abu zuwa saba'in da wani abu, kuma idan akwai NAT (na'urar da ke sauya adireshin ciki zuwa na waje) a tsakani ana ƙara kan UDP mai bayit 8, UDP kuwa ɗan'uwan TCP ne da ke tura fakiti ba tare da gaisuwa ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne naɗi na hawa kan naɗi. Layin da ke shiga ta PPPoE, wato da suna da kalmar sirri, kamar da yawa daga faiba na gida da na masu raba intanet ta rediyo a unguwa, ya riga ya ba da bayit 8, MTU ɗinsa 1492. Ɗora WireGuard a kai, 1492 a cire 80, ka samu 1412. Wanda ya bar 1420 kuma wajensa IPv6 ne, ya zarce da bayit 8, kuma bayit ɗaya ma ya isa ya ɓata aiki.

Ai na ji rauta na iya gutsura babban fakiti. Me zai hana a bar shi ya yi abinsa?

A IPv4 yana iya yi, tun ƙa'idar RFC 791 ta 1981. Ɗauki fakiti mai 1500 da ya iso ƙofar GRE mai 1476. Rauta zai cire kan, ya raba kayan 1480 gida biyu: na farko 1456, domin dole gutsure ya zama ninkin takwas, na biyu 24 kacal, kowanne da kansa na bayit 20. Fakiti ɗaya ya zama biyu, kuma ba wanda zai haɗa su sai na'urar ƙarshe.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan gutsure ɗaya ya ɓata a hanya, fakitin duka ya tafi, sai an sake aiko shi. Mai karɓa dole ya riƙe abin da ya iso a ƙwaƙwalwa yana jiran saura, a Linux har daƙiƙa 30. Sannan lambar ƙofa (port) ta TCP ko UDP tana cikin gutsuren farko ne kawai. Katangar tsaro ko na'urar NAT da ta ga na biyu ba ta san na wa ba ne, da yawa sai su jefar. Ƙaramin rauta irin wanda ake ɗorawa saman kanta, idan fakitin waje ne ya gutsure aka bar masa haɗa gutsattsarin tanel, za ka ga injinsa ya cika, gudu ya faɗi warwas.

Masana sun daɗe da gane haka. Christopher Kent da Jeffrey Mogul sun rubuta gargaɗi a kai tun 1987, kuma a 2020 ƙungiyar IETF ta fitar da RFC 8900 tana cewa kada sababbin tsare-tsare su dogara da gutsurewa. Ni ra'ayina, gutsurewa taya ce ta ko-ta-kwana. Za ta kai ka gida, amma ba a tafiyar Tamale da ita.

To yaya kwamfuta ke sanin girman da hanya za ta ɗauka? Mene ne kuma baƙin rami?

A kan IPv4 akwai wata alama da ake kira DF, ma'anarta "kada a gutsura". Kusan duk TCP na zamani na ɗaga ta. Rauta da ya ga fakiti ya fi ƙofarsa girma kuma da DF a kai, zai jefar da shi, ya mayar wa mai aikowa da saƙon ICMP (saƙon sanarwa tsakanin na'urori) nau'i na 3 lamba 4, yana cewa abin ya yi girma, ga iyakata. Mai aikowa ya rage, ya sake turawa. Wannan tsari shi ne PMTUD, wato gano MTU na hanya, wanda RFC 1191 ta kafa a 1990.

Duk tsarin ya rataya ne a kan wannan ɗan saƙo. Idan wani a hanya ya toshe ICMP, ko rautan da ya jefar bai faɗa ba, mai aikowa ba zai ji komai ba. Zai sake tura fakitin a girmansa, a sake jefarwa, haka har lokaci ya ƙare. Ba saƙon kuskure, ba komai a rajista. Wannan shirun ake kira baƙin rami, kuma shi ne tushen alamomin da ke amsa ta farko.

Yaya zan auna MTU na hanya da kaina?

Da ping mai ɗauke da DF, kana canza girmansa. A Windows rubuta `ping -f -l 1472 8.8.8.8`. A Linux `ping -M do -s 1472 8.8.8.8`, a Mac kuma `ping -D -s 1472 8.8.8.8`. Lambar 1472 ta zo ne daga 1500 a cire 28, wato 20 na IP da 8 na ICMP. Duk lambar da ta wuce, ƙara mata 28 ka samu MTU. Idan 1464 ce mafi girma da ta wuce, kana kan 1492, PPPoE ke nan. A MikroTik da Cisco a kula, girman da ka rubuta ya haɗa da kan, don haka `/ping 8.8.8.8 size=1500 do-not-fragment` daidai yake da 1472 na Windows. Na ga mutane da yawa sun rikice a nan, sun rage 28 sau biyu.

Kada ka sauko ɗaya-ɗaya. Gwada 1472, in ta ƙi gwada 1300, in ta wuce hau 1400, kana raba tazarar biyu har ka tsaya a kan iyaka. Kuma ka lura da irin ƙin. Idan Windows ta ce "Packet needs to be fragmented but DF set", labari ne mai daɗi, wani ya faɗa maka iyaka, PMTUD na aiki. Idan kuwa shiru ne kawai, lokaci ya ƙare, alhali ƙaramin ping na dawowa, ka taka baƙin rami.

Awo biyu ake yi. Na farko daga rauta zuwa adireshin waje na ɗaya rautan, ba ta tanel ba, don sanin abin da hanyar ke ɗauka. Na biyu daga kwamfutar ciki zuwa kwamfutar ciki ta ɗaya ɓangaren, ta tanel. A yi daga Kumasi zuwa can, a kuma yi daga can zuwa Kumasi, domin hanyar zuwa da ta dawowa ba lallai su zama ɗaya ba. A Linux `tracepath` na nuna matakin da MTU ya sauka.

Ofis mai faiba lafiya yake, reshen da ke kan layin SIM ne ke ba da wahala. Me ya sa?

Intanet na wayar hannu shi ma tanel ne a ɓoye. Daga hasumiya zuwa cibiyar kamfani ana naɗe fakitinka cikin GTP, wanda ke cin aƙalla bayit 36 a kan IPv4, kuma kusan kullum akwai babban NAT na kamfani a gaba. Wani layin na ba da 1500 cif, wani ƙasa da haka, kuma rautar 4G da yawa na nuna 1500 a allonsu ko da hanyar ba ta kai ba.

Na taɓa shafe yinin Juma'a a bayan shagon wani dattijo mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ke da ma'aji a Accra. Rautan na saman kabad kusa da fanka, ƙura ta rufe fitilunsa, an ɗaure eriyarsa da igiyar leda a jikin taga. Manhajar lissafi na buɗewa, amma da an ce a jawo rahoton kaya sai ta daskare. An riga an saya masa sabon rauta a banza. Ya ce mini, "Yaro, kai ne na uku. In ba za ta yi ba ka faɗa mini in koma littafi." Na ce, "Baba Alhaji, a ba ni zuwa bayan masallaci." Na zauna a kan kwalin batir na auna: 1372 na wucewa, 1373 shiru. Hanyar 1400 take ɗauka ke nan. WireGuard na kan 1420, da naɗinsa na 60 ya zama 1480, ya zarce da 80. Na mai da shi 1340 a ɓangarorin biyu, na matse MSS zuwa 1300. Rahoton ya sauko kafin yaron shago ya gama zuba shayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin rautan nan da dattijon ya fitar, don babu wanda ya tsaya ya auna.

Mene ne matse MSS, kuma ya bambanta da rage MTU?

A gaisuwar farko ta TCP, kowane ɓangare na faɗa wa ɗan'uwansa mafi girman kayan da zai karɓa. Kwamfutar da ke zaton 1500 za ta ce 1460. Matse MSS shi ne rautan da ke bakin tanel ya kama wannan gaisuwa ya sauya lambar zuwa wadda tanel zai ɗauka. Daga nan ɓangarorin biyu ba za su ma ƙirƙiri babban fakiti ba, don haka ba a buƙatar saƙon ICMP. Lissafin: MTU na tanel a cire 40 ga IPv4, a cire 60 ga IPv6.

A Cisco ana sa `ip tcp adjust-mss 1360` a ƙofar tanel. A Linux, `iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu`. A MikroTik ana yi a mangle, sarƙar forward, da `action=change-mss`. OpenVPN na da nasa, `mssfix`. A tabbata dokar ta kama gaisuwar da ke shiga da wadda ke fita. Idan ɓangare ɗaya aka matse, za ka ga saukarwa na tafiya, ɗorawa na maƙalewa, ko akasin haka. Sannan tsofaffin haɗi ba sa canzawa, sai an rufe manhaja an sake buɗewa.

Rage MTU na tanel shi ne gyaran tushe, matse MSS kuma kariya ce daga baƙin rami. Ni duka biyun nake yi.

Ba ni da lokacin lissafi. Wace lamba zan sa?

Ga GRE a kan IPsec, 1400 da MSS 1360 tsohuwar shawara ce da ta daɗe tana aiki a kan layi mai 1500 ko 1492. Ga WireGuard a kan PPPoE, 1412. Ga layin SIM, koma amsar tambayar awo, babu gajeriyar hanya. Idan wayoyin ma'aikata ne da ke yawo daga wannan layi zuwa wancan, 1280 lamba ce mai aminci.

Ragewa kaɗan ba ta da tsada. Kan bayit 40 a cikin 1500 bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, a cikin 1280 ya ɗan haura kashi 3. Amma kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Na ga wanda ya sa 576 don wai ya huta. A nan kan na cin kusan kashi 7, yawan fakitoci ya ninka fiye da biyu, IPv6 kuma ya mutu a ƙofar.

Na matse MSS, shafuka sun dawo, amma kyamarorin tsaro da wasu abubuwa har yanzu suna tsinkewa.

Domin MSS na TCP ne kaɗai. Duk abin da ke tafiya ta UDP bai san da shi ba. Bidiyon kyamara da ke gudana ta UDP na cika fakiti har baki, don haka ko a rage girman fakiti a saitin kyamarar, ko a juya ta zuwa TCP. Kiran murya kansa ƙananan fakitoci ne, amma saƙon SIP da ke buɗe kiran na iya yin girma, shi ya sa waya kan yi rajista lafiya kira ya ƙi shiga.

DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, ma haka, amsoshi masu sa hannun tsaro na DNSSEC na kumbura. A 2020 masu gina manhajojin DNS suka amince da 1232 a matsayin iyakar amsa ta UDP, don ta shige cikin 1280. QUIC kuwa, tsarin ɗauko shafuka ta UDP wanda Chrome da YouTube ke amfani da shi, na buƙatar hanya ta ɗauki aƙalla bayit 1200 na kayan UDP, in ba haka ba burauza ta koma TCP.

An koya mana a toshe ICMP saboda tsaro. Kuskure ne?

Toshe shi gaba ɗaya kuskure ne, kuma ina faɗin haka da ƙarfi domin yawancin baƙaƙen ramukan da na tarar, mu masu gyara ne muka haƙa su da hannunmu. Wanda ba ya son a yi wa rautansa ping daga waje, ya toshe nau'i na 8 kawai. Nau'i na 3 lamba 4 a bar shi ya shiga ya fita. Katangar da ke bin sawun haɗi tana gane saƙon a matsayin mai alaƙa da haɗin da ake ciki, saboda haka dokar da ke karɓar `established` da `related` ta kasance a sama, kafin dokar jefarwa.

Ga sabar Linux da ke hannunka, `net.ipv4.tcp_mtu_probing=1` na sa TCP ya lura da shirun ya rage da kansa, bisa tsarin RFC 4821 na 2007. Yana taimako, sai dai akwai ɗan jinkiri kafin ya farga.

IPv6 fa?

A IPv6 rauta ba ya gutsura fakiti ko kaɗan, mai aikowa ne kawai ke da wannan dama. Kowace hanya dole ta ɗauki 1280. Saƙon "ya yi girma" a nan ICMPv6 ne nau'i na 2, kuma toshe shi kashe hanya ne kai tsaye. Kan IPv6 bayit 40 ne, don haka a ping ana ƙara 48 maimakon 28, wato 1452 ce ke daidai da 1500.

Jiya komai na aiki, ban taɓa komai ba, yau ya lalace. Ta yaya?

Hanyar da fakiti ke bi ba taka ba ce, kuma tana sauyawa. Kowa ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, aka yi kwanaki ana neman hanyoyin zagaye. Duk lokacin da aka karkatar da zirga-zirga, ko da ƙaramin gyara ne a cibiyar kamfani, fakitinka na iya bi ta wata ƙofar da ba ta kai ta jiya faɗi ba.

Akwai kuma na cikin gida. Wuta ta ɗauke, rauta ya tashi ba tare da saitin da aka rubuta da hannu ba, domin ba a adana shi ba. Ko faiba ta yanke, rauta ya koma layin SIM na ajiya, tanel ya sake tashi a kan hanya mafi matsi. Wanda ke da layi biyu ya saita tanel ɗinsa da lambar mafi ƙanƙantar cikinsu. Ina ba da shawarar a rubuta sakamakon awo da kwanan wata a takarda a manna jikin rauta, don wanda zai zo bayanka ya san abin da hanyar ke ɗauka a da.

Tanel ɗin ma ya ƙi tashi. Wannan na iya zama MTU?

Yana iya zama. IPsec mai amfani da kalmar sirri ɗaya kan tashi cikin sauƙi, amma da aka koma takardun shaida, saƙon IKE, wanda ke ƙulla tanel ɗin, na iya wuce 1500, ya gutsure, wani NAT ya jefar da gutsattsarin. RFC 7383 ta 2014 ta ba IKEv2 hanyar raba saƙon da kansa, a duba an kunna ta a ɓangarorin biyu. Idan kuma OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi, ne ya tsaya a matakin ExStart ko Exchange a cikin tanel, kwatanta MTU na ƙofofin biyu, domin OSPF na ƙin ƙulla maƙwabtaka idan sun saba.

Yaya zan bambanta wannan da cunkoson layi, kuma me zan faɗa wa kamfanin intanet?

Cunkoso na da lokaci, yana tsananta da yamma, yana kuma taɓa manya da ƙananan fakitoci ba tare da tsari ba. Matsalar MTU ba ta san dare ko rana ba, tana da iyaka tsararriya: wannan lamba na wucewa kullum, wadda ke sama da ita da ɗaya ba ta taɓa wucewa. A Wireshark, manhajar kama fakitoci, za ka ga gaisuwar TCP ta kammala, sai babban fakiti ɗaya ana ta maimaita shi a girma ɗaya ba amsa. Idan ka kama fakitoci a ɓangarorin biyu lokaci guda, za ka gan shi ya fita a nan bai isa can ba.

In za ka kira kamfani, kada ka ce intanet ba ya gudu, za a ce ka kashe rauta ka kunna. Ka ce: daga adireshi kaza zuwa adireshi kaza, ping mai DF na bayit 1372 na wucewa, 1373 ba ya wucewa, kuma ba na samun saƙon ICMP. Haɗa da sakamakon `tracepath` ko `tracert`, da ranar da lokacin da ka auna, ka nemi a miƙa wa injiniyoyin cibiya. Kafin su amsa, rage MTU na tanel ɗinka ka matse MSS kamar yadda aka nuna a sama, masu shago su ci gaba da aikinsu.